Tandun Ingila

Jiya da hantsi ina zaune a bakin rumfar jikana Nasiru a Gidan Dare, ina kallon samari uku suna yi wa wani babur sabon murfin gefe da faiba. Ɗaya ya shimfiɗa farin zaren nan mai ƙaiƙayi, ɗaya ya bi shi da buroshi yana shafa gam, na ukun kuwa aikinsa riƙe waya da ba da shawara. Kafin azahar sun ɓare abinsu, sun goge, sun fesa masa jan fenti, sun manna masa tambarin kamfani don mai babur ya ɗauka daga kwali aka ciro shi. Sai mai wayar ya juyo ya ce mini, "Baba, ku dai kun sha wahala banza. Da wanga abu ya zo zamaninku, da ba ku kurumce da bugun kwano ba."

Na ce masa kunne ɗaya ne ya mutu, kuma da shi nake sauraron irinsa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Abin nan da kuke taƙama da shi, ku samarin yanzu, na yi irinsa tun ba a haifi iyayenku ba, na kuma sha kunya a kansa a gaban Sakkwato kaf. Tunda ku kuka tono, sai ku saurara.

Sunana Garba, ɗan mai tandu ne ni daga Ƙofar Dundaye. Na san da yawanku ba ku taɓa riƙe tandu ba, kun tashi kun tarar da roba. Tandu shi ne gorar da iyayenmu mata suke zuba man shanu ko kwalli a ciki, kuma da ƙirgi ake yin sa, wato ɗanyar fatar shanu wadda ba a jeme ba. Babana zai jiƙa ƙirgi har ya yi laushi, ya kankare gashin, ya riƙa fere shi da wuƙa siriri-siriri har kana hango yatsanka ta ciki. Sai ya gina siffar abin da yake so da laka, ya bar ta ta bushe, ya riƙa ɗora fatar nan a kai, shimfiɗa bisa shimfiɗa, yana lailayewa da babban yatsa. Fatar da kanta take kama 'yar'uwarta, ba a sa mata gam. In ta sha rana ta ƙame, sai a farfasa lakar a zazzage, a bar tandu tsaye, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Ku faɗa mini, ban da ƙaiƙayi da warin da ke hawa kai, me faibarku ta ƙara a kan wannan?

Ni kuwa a lokacin ba na ganin haka. Abin da nake gani shi ne gidanmu yana wari, ƙudaje sun san hanyarsa, kuma 'yan mata in sun zo wucewa sai su ja gyale su rufe hanci. Ina da shekara goma sha takwas na ce wa Baba ni ƙarfe nake so. Bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da fere fatarsa, ya ce, "Tahi. Ƙarhe ma Allah yay yi shi." Daga ranar bai sake yi mini maganar sana'a ba, ni ma ban sake taɓa masa laka ba, ko da yake kwano ɗaya muke ci.

Aikina na farko a wurin Maigida Labbo shi ne buɗe garwa. Maigida Labbo maƙerin gwangwani ne a gefen kasuwa, gajere, mai faɗin ƙirji, wanda bai yarda akwai abin da guduma ba za ta gyara ba, har da almajiran sana'arsa. Garwar kananzir ita ce kwanonmu. Za ka yanke kai da gindi, ka tsaga ta, ka shimfiɗa a kan guntun ƙarfen dogo, ka bi ta da gudumar itace har ta kwanta ba tudu ba kwari. Shekara guda cur ina wannan. In na kai masa, ba ya dubawa da ido, sai ya rufe ido ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Nan akwai ƙurji." Na koma. Sai a shekara ta biyu ya bar ni na riƙe almakashin kwano, a ta uku na fara liƙi da dalma. Gudumarsa biyar, kowace da aikinta, kuma akwai wani kututturen kirya da ya fafe masa rami kamar akushi, a ciki muke buga kwano ya yi ciki. Wanda ya zauna a kan kututturen nan ya huta, ranar ba shi da abincin rana.

Da bokiti da fitila da mazurari muka fara. Babur ya shigo mana ne ta hanyar faɗuwa. A shekarun nan baburan garin ba su da yawa, in kana zaune a rumfa ka ji ƙara daga nesa, ka san wane malami ne tafe kafin ya ɓullo. Manyan babura ne baƙaƙe, masu nauyin jaki da kayansa, an ƙera su don titin ƙasar Turawa, aka kawo su cikin yashin Sakkwato. Kowane mako sai wani ya sha ƙasa. Kayan gyara kuwa sai an rubuta takarda, a jira jirgin ruwa, a jira jirgin ƙasa, a jira mota, kafin su iso mai babur ya manta yadda ake hawa. Don haka sai su turo mana. Mu buga tankin da ya lotsa, mu miƙe marfin taya, mu ƙera akwatin baya na ɗaukar takardu. Maigida ya ga hannuna ya fi nasa taushi a wannan fanni, sai ya sakar mini. Ina da shekara ashirin da biyu ana cewa a kai wa Garba mai babur, kaina kuwa ya yi girman da hula ba ta zama.

Abu ɗaya ya gagare ni, shi ne riga. Wanda ya ƙera babur bai taɓa ganin babbar riga ba. Mutum zai hau, ya tattare ta a cinya, ya yi tafiya kaɗan, ya ɗaga hannu ya gaida wani, shi ke nan gefenta ya zube, wayoyin tayar baya su cafke. Na ga rigunan da aka kawo mini a naɗe a gindin taya kamar zare a mazari. Sai na ƙera garkuwa ta garwa, biyu, hagu da dama, su rufe rabin tayar. Ta farko bakinta ya yanka rigar wani malamin makaranta. Na naɗe bakin a kan waya, yanka ya ƙare, sai ƙara ta fara. In babur ya hau hanyar ƙauye sai ka ce an ɗaura wa jaki garwa an kore shi. Bayan wata guda kuma kwanon ya tsage daga wurin ƙusa, don garwa ba ta jure girgiza. Kwano mai kauri kuwa ba ma samu. Na haƙura, malamai suka ci gaba da hawa da kaki.

Ana saura mako uku bikin 'yancin kai Malam Haliru ya tsaya a bakin rumfarmu. Malamin duba fata ne. Aikinsa yawo kasuwannin ƙauye yana koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda fata ba, yana duba wadda aka shanya, ya ware mai kyau da marar kyau. An ce in ya shafa fata a cikin duhu zai gaya maka akuyar ja ce ko baƙa. Wannan ƙari ne irin na mutane, amma dai ya san aikinsa. Dogo ne, marar yawan magana, kullum cikin gajeren wandon kaki da doguwar safa. Ya sauko da wani ƙunshi daga bayan babur, ya nemi in wanke hannu, sa'an nan ya kwance.

Riga ce saƙi, baƙa har tana ɗaukar ido, aikin wuyanta na hannu ne irin wanda ko a lokacin an daina yi. Ƙanshin adudu da turaren da aka ajiye ta da shi ya cika rumfar, har Maigida ya ajiye guduma.

Malam Haliru ya ce, "Garba, rigar mahaihina ta, Allah shi jiƙan shi. Ita ɗai ya bar mani. An ce mu ma'aikata masu babur mu ka yin jeri ranar biki. Shekara goma sha biyu ina yawo da gajeren wando kamar ɗan makaranta. Ranag ga ba ni sa shi. Wagga nika sawa. Kana iya yi mani abin da ba shi bari taya ta taɓa ta, ko in nemi wani?"

Ku lura da "ko in nemi wani". Babu wani a garin, shi ma ya sani, amma ya san inda ake taɓa saurayi. Na bugi ƙirji na ce ya bar mini babur kwana biyu in auna, sauran nawa ne.

Kwana uku ina juya garwa ina ajiyewa. A rana ta huɗu da safe ina alwala a tsakar gida, sai idona ya faɗa kan wani babban tandu da Baba ya jingine a rana. Akuya ta bi ta kansa, ya gangara, ya bugi turmi, ya dawo, ko alama bai yi ba, kuma ko ƙara bai yi ba. Na daɗe a tsugune da buta a hannu. Abin da nake nema a kasuwa shekara biyu, ashe yana gidanmu yana wari.

Zuwa wurin Baba ya fi mini buɗe garwa ɗari wuya. Na same shi a zaure, na gaishe shi, na sake gaishe shi. Ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Mik kawo ka? Kwano ya ƙare duniya?" Na yi masa bayani, na zana siffar garkuwar a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo. Sai ya share zanen da ƙafa, ya sake zana shi da ɗan faɗi, ya ce fata tana tsukewa in ta bushe, wanda ya auna ta daidai kamar kwano zai sha mamaki. Daga nan ya tashi ya ɗauko fartanya ya miƙo mini, ya ce laka ba ta zuwa da ƙafarta.

Aikin nan shi ne mafi daɗin da na taɓa yi, kuma ban gaya masa ba har ya bar duniya. Mun gina siffa biyu a tsakar gida, kowace kamar rabin faifai mai ɗan ciki. Ya zaɓo ƙirgin bijimi, muka jiƙa shi kwana uku. Shi yana ferewa, ni ina ɗorawa. Shimfiɗar farko a tsaye, ta biyu a kwance, ta uku a karkace, don kada ta sami hanyar tsagewa. Ku da kuke jera zaren faiba duk fuska ɗaya don sauri, ku ji wannan. In iska ta shiga tsakani sai ya huda da ƙaya ya matse, yana cewa babban yatsana ya zama na maƙeri, ba ya jin komai. Wurin da ƙusa za ta shiga muka ninka sau bakwai. Ni kuma na kawo tawa dabarar, na binne waya a bakin ko'ina don kada ya lanƙwashe. Baba ya taɓa wurin, ya ce, "Wanga ba laihi." A bakinsa wannan kirari ne.

Kwana shida suna shan rana. Da muka fasa lakar, na ɗaga ɗaya da yatsa biyu, na buga ta da ƙasa, ta yi tsalle ta dawo. Launinta kamar zuma, rana tana ratsa ta. Baba ya ɗauko man shanu zai shafe su, don haka ake yi wa tandu ya ɗan jure laima, ya kuma ce zai yi musu zane irin nasa. A nan ne na nuna ni ɗan zamani ne. Na ce a'a, fenti ba ya kama mai. Na riga na sayo baƙin fenti irin na mota.

Ya ce, "Mi za ka ɓoye?"

Na ce ba ɓoyewa ba ne, don su dace da babur ne.

Ya rufe tandun mansa a hankali. Ya ce, "Shafa abin da kaka so, aikinka na. Amma ka gaya ma mai shi hwata ta. Tandu ba shi shiri da ruwa, ko yaro ya sani. Sai dai sai ya san tandu na."

Na ce to. Irin "to" ɗin da kuke ce mini.

Gaskiyar magana kunya nake ji. Ni Garba mai babur, a ce na rasa yadda zan yi sai da na koma wa ƙirgin gidanmu? Kuma a ɗaura wa malamin gwamnati tandu a babur ranar da duniya za ta taru? Na goge su da samfefa har suka yi santsi, na shafa fenti, na bari ya bushe, na goge, na sake shafawa, har sau uku, ciki da waje. Da na gama, ko ni da na ɗora fatar da hannuna sai na rantse daga Ingila suka zo.

Ana jibi biki Malam Haliru ya zo. Na ɗaura masa su, ya zagaya babur, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ku tuna fa, wannan mutum fata ce abincinsa. Ya shafa, ya sake ƙwanƙwasawa, ya ce, "Wane irin ƙarhe na wanga, ba shi ƙara?"

Na ce, "Sabon abu na, Malam. Yanzu aka yayinai."

Ya ce, "Ruwa hwa? Ba shi tsatsa?"

Ga ƙofa a buɗe, Allah ya ba ni. Kalma biyu ce, fata ce. Sai na ji bakina yana cewa, "Tsatsa? Har abada." Kuma ku duba, ban yi ƙarya ba, fata ba ta tsatsa. Har na ji daɗin wayona. Ya hau ya zagaya kasuwa ya dawo, shiru kamar ba a ɗaura komai ba. Ya yi mini godiya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da ya tafi na yi ta dariya a ciki, na ce yau na rufe idon malamin fata da fata.

Abin da ban sani ba, mahaifiyarsa tana wani ƙauye a hayin fadama. Ana gobe biki ya tafi ya nuna mata rigar, ta sa masa albarka. Ƙarshen damina ne, ruwa yana kwance a hanyar fadama wuri-wuri, wani wurin har gindin taya. Ya bi ta ciki zuwa, ya bi ta ciki dawowa, a wani wurin ma babur ya mutu ya daɗe yana turawa. Da ya iso gida ya ga laka ta ɓata masa ado, sai ya sa aka yi ta kwara wa babur ruwa, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ƙura ta hau kafin safe. Ruwa ya bi ta hudar ƙusoshi ya shiga ƙarƙashin fenti, ya kwana yana aikinsa. Wanda ya yi niyyar jiƙa ƙirgi ma iyakar abin da zai yi ke nan.

Ranar biki Maigida ya tura ni da jakar kayan aiki in tsaya a bakin hanya, ko wani babur zai ba da matsala. Gari ya cika, 'yan makaranta sun yi layi da 'yan tutocinsu, mata a kan katanga suna guɗa. Na sami wuri a gaba, ina gaya wa duk wanda ke kusa da ni ya lura da babur na uku. Sai ga su tafe a hankali. Malam Haliru ya fito a rigar nan kamar ba shi ba, ya ƙara tsawo, ya ƙara kwarjini, mutane suna nuna shi. Ni kuwa ba shi nake kallo ba, tayar baya nake kallo. Garkuwar hagu tana lilo. Fentin ya tattare, ita kuma tana kaɗawa kamar kunnen saniya.

Na buɗe baki in yi kira, guɗa ta danne ni. Daidai nan wani tsoho ya ɗaga masa hannu, shi ma ya saki rigar ya ɗaga nasa. Gefenta ya zube a kan garkuwar, garkuwar ta lotsa ciki, wayoyin taya suka kama rigar. Allah ya sa tafiyar a hankali ce. Rigar ta ja shi baya, babur ya yi tari ya mutu, ya dafe ƙasa da ƙafa, kansa a ɗage, wuyan rigar ya shaƙe shi. Jerin duk ya tsaya.

Ni na fara isa. Na gwada juya tayar baya, ta ƙi, saƙin ya naɗe gindinta tam tare da jiƙaƙƙiyar fatar. Idanunsa sun fara fitowa. Babu abin yi. Na zaro almakashin kwano, da hannuna na yanke rigar mahaifinsa, tun daga gefe har kusan kamu biyu. Har yau ban manta ƙarar da saƙin nan ya yi a bakin almakashi ba.

Ya sauka ya yi tari, ya sami numfashi. Bai dubi rigar ba tukuna. Ya tsuguna ya kama garkuwar, ta naɗe a hannunsa kamar ganda. Ya ɓare fentin da farce, ya murza, ya kai hanci. Mutane sun yi zobe.

Ya ce, "Ƙirgi na. Na bijimi. Hiɗar ma mai kyau ta, ba huda." Sai ya ɗago ya dube ni. "Garba, mi ya hana ka gaya mani? Da na san hwata ta, bisa kaina nika ɗaukar babur ɗin in ƙetare fadama. Ni da hwata muna jin kunyar juna?"

Wani daga baya ya ce, "Ashe tandu na! Tandun Ingila!" Dariya ta tashi, ta bi layi har inda ba a san abin da ya faru ba. Sa'an nan Malam Haliru ya ɗaga gefen rigar ya duba inda na yanke. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Rigag ga ta ga shigowar Turawa bisa jikin ubana, ta ga hitassu bisa nawa. Asu bai taɓa ta ba, gara ba ta taɓa ta ba. Sai kai." Ya tattare abin da ya rage a kafaɗa, na kwance masa garkuwoyin biyu, na zare tsumman daga taya, ya hau ya bi sahu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Ba wanda ya sake kawo mini babur. Mutum ya gwammace ya tura nasa har wani gari da a ce Tandun Ingila ya taɓa shi, don sunan ya bi ni, har yara suna kira in na wuce. Maigida Labbo bai kore ni ba, ya dai mayar da ni buɗe garwa, ya ce hannuna yana da kyau, bakina ne ke da ƙurji. A gida kuwa na jira Baba ya ce ai na gaya maka. Na jira wata guda, na jira wata shida. Bai faɗa ba. Da ya faɗa da na huta.

Da damina ta zagayo ta wuce, ran nan ina buga garwa sai na ji ƙarar da na sani. Na rasa inda zan shiga. Malam Haliru ya kashe babur, ya yi sallama, ya gaisa da Maigida, sa'an nan ya ce mini, "Tashi, kai ni wurin tsohonka." A zauren gidanmu ya ce wa Baba shi bai taɓa hawa babur shiru irin na kwana biyun nan ba, kuma yana son wasu. Amma a bar su da launinsu, a shafa musu mai, a yi musu zane, kowa ya gani ya san abin da ne. Baba ya ce shi fata kawai ya iya, waya da ƙusa sai maƙeri, ya nuna ni da haɓa. Haka muka koma aiki tare. Mun yi wa malamai da 'yan kasuwa garkuwa da akwatin baya da murfin fitila, duk na tandu, har zuwa lokacin da ƙananan babura suka cika gari da robobinsu. Kuma duk wanda ya zo karɓa sai na tsayar da shi na ce, fata ce, ba ta son ruwa, in damina ta yi ka shafa mata mai, in za ka shiga fadama ka kwance. Wasu har su gaji su ce sun ji.

Rigar kuwa Malam Haliru bai taɓa kai ta a gyara ba. Da ita yake zuwa Idi, da gefenta a yanke, in an tambaye shi ya ce aikin wani gwani ne. Ranar da ya karɓi sababbin garkuwoyinsa na kawo masa guntun da na yanke, na wanke shi na ninke, ko maɗinki zai iya mayarwa. Ya juya shi a hannu, ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe. Ni na san abin da nir rasa. Kai aka tsoron ka mance."

Guntun yana nan a wani ƙaramin tandu da Baba ya yi, kullum a aljihuna. Jiya ma na ba samarin rumfar Nasiru wannan labari, da na kai nan suka ce in nuna musu. Na zazzage shi a kan benci, kusa da jan murfin da suka manna wa tambari. Mai wayar ya taɓa saƙin da yatsa, ya ce ai ko yanzu ba a samun irinsa. Muna cikin haka mai babur ya iso karɓar kayansa. Ya ɗaga murfin, ya ƙwanƙwasa, ya dubi tambarin, ya ce, "Wanga na kamfani na ko?"

Su ukun suka juyo suna kallona, kamar ni aka tambaya. Ni kuwa na juya musu mataccen kunnena, na ci gaba da ninke guntun rigar Malam Haliru a hankali. Can sai na hangi mai wayar ya sa ta aljihu, ya sa farce a gefen tambarin ya fara ɓarewa.